Babi na Bakwai: Kyamarar da Ba Ta Gyaruwa

Me ya sa kyamarar fim da aka ƙera shekara 40 da suka wuce take aiki har yau, amma ta zamani, wadda ta ninka ta tsada, take mutuwa bayan 'yan shekaru kuma a rasa mai tayar da ita? Masu sana'ar hoto suna yawan yin wannan tambaya, kuma amsar da aka fi ji ita ce kayan yanzu ba su da ƙarko, an bar ƙarfe an koma roba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai ba ta kai ga tushe ba. Abu biyu ne ake haɗawa wuri guda. Akwai ƙarko, wato tsawon lokacin da kyamara za ta yi kafin wani abu ya lalace a cikinta. Akwai kuma gyaruwa, wato ko za a iya tayar da ita bayan ta lalace. Ƙarko ya ragu a wasu wurare, ya ƙaru a wasu. Gyaruwa kuwa ta faɗi warwas, kuma faɗuwarta ce ta fi cutar mai kyamara.

Abin da ke cikin tsohuwar kyamara

Kyamarar fim akwati ce mai duhu, da gilashi a gaba da labule a tsakiya. Labulen nan, wanda ake kira shota, yana buɗewa na ɗan lokaci ya bar haske ya faɗa kan fim, sannan ya rufe. A kyamarori irin su Pentax K1000, wadda aka sayar daga 1976 zuwa 1997, ko Nikon FM2 ta 1982, sifirin da ƙananan giyoyi ne ke tafiyar da wannan aiki duka. Idan mai hoto ya ja hannun naɗe fim da babban yatsansa, ƙarfin yatsan ne ke ɗana sifirin. Idan ya danna maɓalli, sifirin ya saki. Ɗan mitsitsin batirin da ke ciki ma'aunin haske kawai yake kunnawa, in ya mutu kyamara ta ci gaba da ɗaukar hoto. FM2 tana buɗe shota ta rufe cikin kashi 1 bisa 4,000 na daƙiƙa ba tare da lantarki ba, kuma an ƙera ta don ta yi aiki tun daga sanyin digiri 40 ƙasa da sifili har zuwa zafin digiri 50.

Irin wannan na'ura tana lalacewa, amma lalacewar da ido ke gani. Mai ya bushe ya daskare, shota ta yi nauyi, sai a wanke a sa sabo. Soson da ke toshe haske a bakin murfin baya ya narke, sai a kankare a liƙa wani. Haƙorin giya ya karye, sai a ciro daga wata matacciyar kyamara, ko mai injin gurza ƙarfe ya sassaƙa sabo. Ƙwararren mai gyaran agogo zai iya koyon aikin, domin abin da ke gabansa yana bayyana kansa: wannan ke tura wancan, wancan ke sakin na gaba. Shi ya sa har yau ake samun masu gyara Leica M3 ta 1954, alhali waɗanda suka zana ta sun daɗe da barin duniya.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa ba duk kayan da ne masu ƙarko ba. Tsofaffin kyamarorin da ake gani a hannun mutane yau su ne nagartattun da suka tsira. Miliyoyin masu arha, irin su Kodak Instamatic da aka fara sayarwa a 1963, sun daɗe a juji kuma ba mai tuna su. Ita ma K1000 da ake yabo, ƙirarta ta ƙarshe da aka yi a Sin murfin roba gare ta.

Shigowar lantarki

Sauyin bai jira hoton dijital ba. A 1976 kamfanin Canon ya fitar da AE-1, kyamarar fim mai ƙwaƙwalwar lantarki da ke lissafa haske, wadda shotarta ba ta motsi sai da batir. Murfinta na sama roba ne da aka shafe da ƙarfe, wanda ya gani sai ya rantse ƙarfe ne zalla. Ta yi arha, ta yi sauƙin riƙo, aka sayar da miliyoyinta, sauran kamfanoni suka bi sahu. A 1985 Minolta ya zo da 7000, wadda ke saita gilashi da kanta ta hanyar ɗan injin lantarki. A 1987 Canon ya fito da tsarin EOS, inda babu sandar ƙarfe ko ɗaya da ke tura wani abu tsakanin jikin kyamara da gilashinta, sai 'yan ƙusoshin lantarki da saƙo ke bi ta cikinsu.

Hoton dijital ya ƙarasa aikin. Steven Sasson, injiniya a kamfanin Kodak, ya haɗa kyamarar dijital ta gwaji a 1975, mai ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Nikon D1 ta 1999 ta yaɗa fasahar a hannun 'yan jarida, Canon EOS 300D ta 2003 kuma ta sauko da farashinta ƙasa da dala 1,000. Fim ya fita, sensa ta maye gurbinsa.

Wannan musaya tana da wani sakamako da ba a cika lura da shi ba. A kyamarar fim, abin da ke karɓar haske ana canza shi duk bayan hoto 36, kuma wasu kamfanoni ne daban ke yin sa. Idan aka ƙirƙiro fim mafi kyau, tsohuwar kyamara ta amfana da shi nan take. A kyamarar dijital kuwa, abin da ke karɓar haske a dashe yake a jikinta, yana cikin mafi tsadar kayan da ke ciki, kuma ba wanda zai maye gurbinsa sai irinsa sak. Ranar da masana'anta ta daina buga wannan sensa, kyamarar ta fara ƙidayar kwanakinta.

Bambancin ya yi kama da na Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da motar yau. Bakaniken gefen hanya yana sauraron ƙarar injin 504 ya gane ciwonta, ya kwance ya wanke ya mayar. Motar yau ta fi ta gudu da tsimin mai da daɗin zama, amma sai an jona mata kwamfuta kafin a san abin da ke damunta, kuma ba kowane gareji ke da kwamfutar ba.

Roba ba ita ce babbar mai laifi ba

Robar da ake jikin kyamara da ita ba irin ta bokiti ba ce. Mai tauri ce, galibi an cakuɗa ta da zaren gilashi, kuma idan kyamara ta faɗi takan shanye bugun ta koma yadda take, inda murfin tagulla zai lotsa ya danne abin da ke ƙarƙashinsa. Manyan kyamarorin ƙwararru na yau ma jikinsu na ƙarfen maganiziyam ne, da zoben danƙo a bakin kowace ƙofa don tare ruwa da ƙura, abin da yawancin kyamarorin da ba su da shi.

Inda roba ke cin amana shi ne ƙananan wuraren da hannu ke taɓawa kullum: maƙalar ƙofar batir, murfin katin memori, gindin gilashin da ake haɗawa da kyamara mai arha, da danƙon mariƙi da ke kumbura ya ɓare ko ya yi yauƙi. Kowannensu abu ne na 'yan kuɗi kaɗan. Amma akwai kyamarori da dama da ba sa kunnuwa muddin ƙofar batir ba ta rufu ba, don haka ɗan haƙorin roba guda kan zaunar da na'ura mai tsada.

Inda ciwon yake

Cikin shekarun da dijital ya yi, an sha samun aibin da ya taso tun daga masana'anta, kuma kamfanonin da kansu suka amsa shi a fili. A Oktoban 2005 kamfanoni da dama, ciki har da Sony da Canon da Nikon da Fujifilm, suka yi sanarwar cewa wasu kyamarorinsu suna fitar da hoto baƙi ƙirin ko mai zane-zanen shunayya. Duk sensa iri ɗaya suka saya daga Sony, kuma a wuraren zafi da laima ƙananan wayoyin da ke cikinta suna saki. An yi gyara kyauta, amma abin ya nuna wani sabon hatsari: kamfanoni masu gogayya da juna a kasuwa suna shan ruwa a rijiya ɗaya, in ta gurɓace kowa ya kwanta.

Canon EOS 5D ta 2005 kyamara ce da masu hoton biki suka so ƙwarai. Madubinta na ciki da gam aka liƙa shi, kuma a wasu ya riƙa ɓallewa ya faɗo ana tsakiyar aiki, har kamfanin ya yi tayin ƙarfafa shi kyauta. Nikon D600 ta fito a 2012, masu ita suka fara ganin ɗigo-ɗigo a kusurwar hotunansu, na ƙura da maiƙo da ke fantsama kan sensa, kuma ko an goge sai su dawo. A 2013 kamfanin ya fitar da D610 da sabuwar shota. Sai a Fabrairun 2014 ya yi tayin canza shotar D600 kyauta, wata guda bayan haka kuma hukumomin Sin suka umarce shi ya daina sayar da ita a ƙasar. Ko a 2023, Nikon Z8 sai da aka kira wasunta gida sau biyu cikin 'yan watanni, sau ɗaya saboda gilashi ba ya ɗauruwa daidai, sau ɗaya saboda kunnen da ake rataya igiya yana iya ficewa.

Labarin da ya fi kowanne bayyana matsalar shi ne na Leica M9. Ta fito a 2009 a kan kuɗi kusan dala 7,000, jikinta na ƙarfe, an haɗa ta da hannu a Jamus, daga kamfanin da ya yi M3. Bayan 'yan shekaru siririn gilashin da ke rufe sensarta ya fara zagwanyewa, wasu fararen tabo suka riƙa fitowa a hoto. Leica ya amsa laifin, ya yi shekaru yana canza sensa. A 2020 ya sanar da cewa ya daina, saboda an daina ƙera irin wannan sensa gaba ɗaya. Maɓallan M9 da murfinta da shotarta suna iya kai wasu shekaru 50, amma abu ɗaya da ba a samu ya isa ya mayar da ita kayan ado. M3 da ta girme ta da shekara 55 tana nan tana ɗaukar hoto.

Bayan waɗannan manyan labarai akwai ƙananan cututtuka na yau da kullum. Cikin kyamara cike yake da fileks, wato siraran wayoyi masu faɗi da aka buga a kan leda. Wanda ke bi ta maƙalar sikirin mai juyawa, ko wanda ke cikin gilashi mai zuƙowa, yana lanƙwashewa duk lokacin da aka motsa shi, kuma wata rana sai ya tsage. Masu gilashin Canon 24-105 na farko sun san saƙon Err 01, wanda sau da yawa daga tsagewar irin wannan fileks yake. Ƙananan kyamarorin aljihu, masu gilashin da ke fitowa ya koma, ƙwayar yashi ɗaya a cikin giyoyinsu na roba kan tsayar da su cak. Akwai kuma ɗan batirin agogo da ake liƙawa a jikin fanel, wato allon lantarkin da ke ciki, a kyamarori da yawa, wanda idan ya mutu kyamara ta riƙa manta kwanan wata.

Shota kuwa ba a yi mata adalci idan aka ce ta yi rauni. Kamfanoni kan gwada ta ƙaramar kyamara zuwa bugu kimanin 100,000, ta Nikon D850 zuwa 200,000, ta manyan kyamarorin 'yan jarida zuwa 400,000 ko fiye. Bugu 100,000 ya yi daidai da naɗin fim kusan 2,800, adadin da mutane ƙalilan ne suka taɓa ɗauka a rayuwarsu a zamanin da kowane hoto kuɗi ne. Mai hoton biki da ke ɗaukar 1,000 a kowane taro, taro biyu a mako, zai cinye wannan adadi cikin shekara guda. A nan aikin ne ya ninku. Wasu sababbin kyamarori, irin su Nikon Z9 ta 2021, sun cire labulen gaba ɗaya, sensa ce ke yin aikinsa da lantarki, kuma wannan ci gaba ne na gaske ta fuskar ƙarko.

A teburin mai gyara

Wanda ya taɓa ganin an buɗe kyamarar zamani zai fahimci dalilin tsadar gyaranta. A ce maɓallin ɗaukar hoto ne ya daina amsawa. Mai gyara zai fara ɓare danƙon mariƙi, domin wasu kusoshin a ƙarƙashinsa suke ɓoye, kuma danƙon da aka ɓare ba ya komawa sumul sai da sabon gam. Zai kwance kusoshi masu yawa, tsawonsu daban-daban, ya jera kowanne a inda ya fito, domin dogo ɗaya da ya shiga ramin gajere yana iya huda fanel. Zai ɗaga murfin baya a hankali, saboda akwai fileks da ke riƙe da shi, ya buɗe 'yar maƙalarsa da bakin hantsaki. In kyamarar tana da filasha a ka, akwai ma'ajin lantarki mai ƙarfin da zai girgiza mutum ko da an cire batir, sai an sauke shi tukuna. Daga nan ya cire babban fanel, ya zare wasu fileks ɗin, kafin ya isa murfin sama. Da ya isa, sai ya tarar maɓallin ba shi kaɗai yake ba: an buga shi a kan leda ɗaya da sauran maɓallai, kuma kamfani ba ya sayar da shi sai dai murfin sama gaba ɗayansa.

Haka gyaran ya koma. A cibiyoyin kamfanoni ba a cika bin diddigin ƙaramin abin da ya ƙone a kan fanel ba, ana cire fanel ɗin ne a sa sabo, domin ƙwayoyin da ke kansa ƙafafunsu a ƙarƙashi suke, kuma fanel ɗin kansa hawa-hawa ne. Ga kamfani wannan ya fi sauri. Ga mai kyamara kuwa, kuɗin gyara kan kai rabin kuɗin kyamarar ko ya wuce, sai ya ga gara ya sayi wata.

Ko an samu kayan, aiki bai ƙare ba. Sensa tana zaune ne a kan wasu siraran ƙarafa da aka auna kaurinsu da kason milimita, don ta fuskanci gilashi daidai ba karkata. A da yawa cikin kyamarorin da ba su da madubi ma ba a kafe take ba, tana shawagi ne tsakanin maganaɗisu don ta rama rawar hannun mai ɗauka. Idan aka canza shota ko sensa ko fanel, sai an jona kyamara da kwamfuta an sake saita ta, an shigar mata da ma'aunan da suka dace da ita kaɗai. Manhajar wannan saiti a hannun kamfani take, kuma ba ya sayar da ita ga kowa. Mai gyara zai iya yin aikin hannu tsaf, ya mayar da kowace kusa, amma hoto ya fito dishi-dishi a gefe ɗaya. Da yawa cikin masu gyara sukan ƙi karɓar irin wannan aiki tun farko, gudun kada garin neman gira a rasa ido.

Kayan gyara a hannun wa suke?

A farkon 2012 reshen Nikon na Amurka ya aika wa shagunan gyara masu zaman kansu takarda cewa daga watan Yuli ba zai ƙara sayar musu da kayan gyara ba. Hujjarsa ita ce kyamarori sun yi sarƙaƙiya, gyaransu na buƙatar na'urori na musamman. Shagunan da ke da izinin kamfani ne suka rage. A ƙarshen Maris na 2020 su ma aka soke izininsu, ƙasar da ke da mutane sama da miliyan 300 ta koma dogaro da cibiyoyin kamfanin guda biyu, ɗaya a Melville ta jihar New York, ɗaya a Los Angeles. Hujjar sarƙaƙiya gaskiya ce, amma kamfanin da ya zana sarƙaƙiyar shi ne kuma ya riƙe makullinta, kuma shagon da ya yi shekaru yana koyar da yara aiki in ya rufe, ilimin da ke cikinsa ba ya dawowa.

Kamfanonin Japan kan ajiye kayan gyaran kyamara na wasu shekaru bayan sun daina ƙera ta, galibi bakwai ko ɗan sama da haka. Daga nan sai su daina karɓarta, ko da ƙaramin abu ne ya same ta. Sai a koma ciro kaya daga matattun kyamarori, kuma a nan akwai tarko: abin da ya kashe wannan yawanci shi ya kashe waccan, don haka kayan da aka fi nema su ne suka fi wuyar samu.

Batir da katin memori ma suna da nasu wa'adin. Kusan kowane kamfani da siffar batirinsa, kuma da yawa akwai ƙwayar lantarki a ciki da ke gabatar da kanta ga kyamara. A 2009 Panasonic ya fitar da sabunta manhaja da ya hana wasu kyamarorinsa karɓar batirin da ba nasa ba, yana mai kafa hujja da tsaron lafiya. Katunan SmartMedia da xD, waɗanda Olympus da Fujifilm suka yi amfani da su, an daina yin su, lafiyayyun kyamarori da dama kuma sun zauna a akwati saboda rashin abin da za su rubuta hoto a kai.

A bayan duk wannan akwai rushewar kasuwa. A 2010 kamfanonin da ke ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121. A 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Wayar hannu ce ta cinye kasuwar. Konica Minolta ya bar harkar tun 2006, Kodak ya yi fatara a 2012, Samsung ya janye jim kaɗan bayan ya fitar da NX1 da aka yi ta yabo a 2014, Olympus ya sayar da sashen kyamararsa a farkon 2021. Kamfanin da cinikinsa ya ragu haka zai rufe cibiyoyin gyara, ya rage kayan da yake ajiyewa a sito. Ba sai an ce da gangan ake ƙera kyamara don ta mutu ba. Ya isa a ce a teburin da ake zana ta, ƙanƙanta da rashin nauyi da saurin harhaɗawa suna da masu kare su, sauƙin gyara kuwa ba shi da kowa.

Ƙura da zafi

Littafin da ke zuwa da yawancin kyamarorin dijital yana cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin watan Afrilu kan wuce wannan iyaka a inuwa, balle a filin ɗaurin aure da rana tsaka. Zafi yana sassauta gam, yana tsofar da batir, yana sa kyamara ta kashe kanta ana tsakiyar ɗaukar bidiyo. Hunturu kuma ya zo da ƙurarsa mai laushi. A tsofaffin kyamarori masu madubi, sensa tana can ciki, bayan madubi da labule, tazarar kimanin milimita 44 zuwa 46 daga baki. A sababbi marasa madubi tazarar milimita 16 zuwa 20 ce, kuma a da yawansu da an cire gilashi sensa ce ke kallon mutum tsirara. Damina kuwa tana kawo fumfuna a cikin gilashin da aka rufe a jaka.

Kalmar da kamfanoni ke rubutawa cewa kyamara tana jure ƙura da yayyafi ba ta da ma'auni guda. Ƙalilan ne, irin su OM System da Leica a wasu kyamarorinsu, ke bayyana matakin gwajin da aka yi, kuma garanti ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa ko yashi.

Ga mai hoto a Kano ko Zinder matsalar ninki biyu ce. Kyamarori da yawa na hannu ake sayo su, sun riga sun ci wani kaso na wa'adin kayan gyaransu a wata ƙasa, cibiyar kamfani kuma tana da nisa. Gwanintar hannu ba ita ta yi ƙaranci ba. Duk wanda ya ga yadda masu gyaran waya na Farm Centre a Kano ke ɗaga ƙwayar lantarki daga kan fanel su mayar, ya san hannun da zai gyara kyamara yana nan. Abin da babu shi ne taswirar fanel, da kayan gyara na asali, da manhajar saiti.

Dokar 'yancin gyara

Ƙorafin bai tsaya kan kyamara ba. Manoman Amurka sun yi shi a kan tarakta, masu waya sun yi shi a kan sikirin da batir, daga ƙarshe 'yan majalisa suka saurara. A Janairun 2021 Faransa ta tilasta a riƙa liƙa wa wasu kayan lantarki maki daga 0 zuwa 10 da ke nuna sauƙin gyaransu, ko da yake kyamara ba ta cikin jerin. Jihar New York ta kafa dokar gyara a ƙarshen 2022. Dokar California, wadda ta fara aiki a Yulin 2024, ta wajabta wa masu ƙera kayan lantarkin da suka kai dala 100 su samar da kayan gyara da littattafan aiki har shekara bakwai, ga shaguna masu zaman kansu da masu kayan. A 2024 Nikon ya buɗe shafin da yake sayar da wasu kayan gyara tare da littattafan kwance wasu na'urorinsa a Amurka, shekara 12 bayan takardar da ya rufe ƙofa da ita.

Waɗannan dokoki na ƙasashen da suka yi su ne, amma littafin gyara da aka ɗora a intanet ba ya tambayar fasfo, kuma kayan da aka sayar a wata kasuwa suna iya isa wata. Abin da ba su taɓa ba tukuna shi ne miliyoyin kyamarorin da aka ƙera kafin a kafa su, waɗanda su ne ke cika shagunan kayan hannu. Babi na gaba zai bi mai saye zuwa irin wannan shago: yadda ake karanta adadin bugun shota, yadda ake gwada sensa da farar takarda, da yadda ake gane kyamarar da kayan gyaranta ke nan kafin a biya kuɗi.